Rumbuna Bakwai a Ƙarƙashin Fako

A shekarar da aka rufe iyaka, ruwa ya yi wa Matameye rowa. Sau uku aka yi shuka. Ta ukun ce ta fito, geron ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe a tsaye. Sojoji ne ke mulki, kuma kullum safiya rediyo na nanata magana ɗaya: duk wanda aka kama ya ɓoye hatsi, ko yana fitar da shi ta bayan fage, gidan kaso ne makomarsa. Mazan gari da suka saba cin rani a Kano da Ikko sun rabu biyu, na gida sun rasa hanyar tafiya, na can sun rasa ta dawowa. Mahaifin Baiwa yana cikin na can.

Don haka Kawu Gambo ne ke riƙe da gidansu. Wan innarta ne, haƙar rijiya ce sana'arsa tun kaka da kakanni. A wannan shekara ba mai sa a haƙa sabuwa, sai yasa da ƙarin zurfi, kuma da dawa ake biyansa. In ya samo tiya biyu, wato mudu biyu, ɗaya gidansa, ɗaya gidan ƙanwarsa. Ran da bai samo ba, Inna takan ɗora tukunya da ruwa zalla don kada maƙwabta su ga ba hayaƙi.

Baiwa shekararta goma sha huɗu, tana aji biyu na kolej. Yarinya ce da in mushe, wato malami, ya tashe ta a aji, ko da amsar tana bakinta, harshenta sai ya harɗe, ta yi ta maimaita harafin farko har 'yan aji su ƙarasa mata. Amma fa ba ta barin rubutu ya wuce ta, ko na takardar da aka ƙunso sabulu. A cikin wani akwatin littattafai da wata malama Bafaranshiya ta bari a lakwal, wato makarantar boko, ta tsinci mujalla marar bango, a ciki akwai shafi huɗu kan wani wasa. Mutum ɗaya zai zana gida a ƙarƙashin ƙasa, da ɗakuna da lunguna da abin tsoro, ya ɓoye takardar. Sauran su shiga gidan da baki kawai: shi yana faɗa musu abin da suke gani, su suna faɗin abin da za su yi, a jefa ƙwayar lido a ga ko sun dace. Sau biyar ta karanta shafukan. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne mai zanen yana da takarda a gabansa, ba sai ya kalli idon kowa ba.

Ba ta da kaye, wato littafin rubutu, na ɓatawa, sai ta farke wani buhun takarda da aka kawo garin taimako a ciki, ta danne shi ƙarƙashin tabarma kwana biyu har ya miƙe, ta yi zanenta.

Ranar wata Alhamis bayan azahar suka fara, a zauren Kawu Gambo don ya fi sanyi. Ita da ƙawayenta biyu, Shekara mai bakin tsiya, wadda ta kawo ƙwayar lido, da Ladi da ba ta son hayaniya. Kawu na gefe yana tufkar igiya, kamar ba ya ji.

"Kun sauka tsani mai zurfin gaba talatin," in ji Baiwa, idonta na kan takarda. "Kun shiga wani babban ɗaki. Ga kura nan kwance a kan tulin zinariya."

"Ni dai na koma," in ji Ladi.

"Ke matsoraciya! Ni na jefe ta da takalmi," in ji Shekara.

"'Yar lakwal, tsaya tukuna," in ji Kawu, bai ko ɗago kai ba. "Gaba nawa kika ce?"

"Ta-talatin, Kawu."

"Da fitila a hannu?"

"I."

"Ta ina iska ke shiga?"

Baiwa ta duba takardarta. Ba ta zana wa iska komai ba.

"To fitilar ta mutu tun a gaba ashirin, su ma sun bi ta. Ku yi musu addu'a."

Shekara ta kwanta a tabarma ta miƙe ƙafafu, wai ita ce gawa, Ladi na dariya har da hawaye. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce su kafin su sauka tsohuwar rijiya sai sun zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai sauka ranar, ko ɗan sarki ne ya faɗa ciki.

"Kurar taki kuma me take ci?"

"Mu-mutane."

"Mutum nawa ke sauka wurin a shekara?"

Baiwa ta sake duba takardarta.

"Ashe ta fi mu jin yunwa, baiwar Allah."

Ranar ba a ƙarasa wasan ba. Baiwa ta naɗe takardarta ta tafi gida, ta rantse a ranta ba za ta ƙara ba. Amma da ta zauna wankin kwanoni sai ta ga tambayoyin sun biyo ta. Gaskiya ne mana, me kurar ke ci? Wa ya tara zinariyar, ya kuma haƙa ramin, don me? Ta gane ta jera ɗakuna ne kawai kamar yadda ake jera kwalla a ɗakin amarya, ba wanda zai iya kwana ɗaya a cikinsu.

Bayan kwana uku ta koma da sabon zane, ta durƙusa ta miƙa masa. Kawu ba ya karatun boko, amma ya san rami. Ya bi layukan da farcensa mai kauri yana tambaya, ita tana amsawa, inda ta rasa amsa ta sa alama. Haka suka yi wata biyu. Ya ce lungu in ba a yi masa rufi mai baka ba, zai zauna a kan mutane. Ya ce ramukan iska biyu ake yi, ɗaya sama da ɗaya, don iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba, ita kuma ta ɓoye bakunansu cikin saiwar bishiya. Ya tambaye ta inda mutanen ke ba haya, ta ji kunya ta rufe fuska, amma washegari ta zana masai, nesa da rijiyar ciki, can gangare. Ya tambayi inda aka kai ƙasar da aka fitar, tunda rami kamar wannan zai tara tudun da makaho ma zai yi tuntuɓe da shi. Wannan ta ɗauke ta mako guda. Daga baya ta ce ai da ita aka yi tubalin gidajen unguwa, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, shi ya sa ba wanda ya lura. Kawu ya ce, "To, wannan kam ta zauna."

Kurar ta fita daga gidan, tunda an rasa abin ciyar da ita. Aka bar macizai, su ko ɓeraye sun ishe su. Ɓerayen kuwa dole a samo musu dalilin zama, kuma Shekara ce ta kawo shi.

"Ke Baiwa, don Allah cire mana zinariyar nan. Me zan yi da ita, damawa zan yi? Sa mana gero mu ga fura ko a takarda ce."

Sai komai ya haɗu. Mutanen da, a wata yunwa tasu, suka haƙa wurin don su ɓoye abinci daga mahara. Rumbuna bakwai. Kawu ya ce a shimfiɗa toka da ƙaiƙayi saboda gara, ƙofa kuma ta isa jaki ya wuce da buhu. Ranar da Shekara da Ladi suka kai rumbun farko, bayan sun sha wuyar macizai, sai zauren ya yi tsit. Baiwa ta faɗa musu yadda geron ke zubowa in an zare toshiya, fari tas, da ƙanshinsa. Cikin Ladi ya yi ƙugi, suka fashe da dariya.

Abu ɗaya ya rage. Kawu ya ce duk wannan a banza ne in a rairayi aka haƙa, Matameye kuwa rabinta rairayi ce. Wurin da zai ɗauki irin wannan aiki guda ne a saninsa: fakon nan mai taurin ƙasa da ke bayan tsohuwar ma'aunar gyaɗa, inda babbar kuka take. Baiwa ta je da ƙafarta ta auna. Ta zana kukar, ta rubuta taki goma sha biyu gabas da ita, murfin dutse a zurfin gaba biyu. Da Faransanci ta rubuta komai, da ɗan kyakkyawan rubutunta, don da shi kaɗai aka koya mata rubutu. Har yawan buhunan kowane rumbu ta sa.

Ranar wata Talata, a darasin Mushe Haruna, tana ƙara wata ƙofa a ƙarƙashin tebur, sai ta ga hannu ya sauko ya ɗauke takardar. Mushe Haruna ba mugu ba ne. Ya buɗe baki zai yi mata faɗan da aka saba, sai idonsa ya sauka kan rubutun. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta canza.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ni-ni-ni..."

"Wa ya faɗa miki wurin?"

"Ka-kawu," ta samu ta fitar, don gaskiya shi ya faɗa mata wurin.

Ma'aikacin gwamnati ne, a zamanin da in ka ga abu ka yi shiru, kai ma ka shiga ciki, kuma ɗalibai arba'in sun ga ya gani. Ya kai wa diraktan lakwal, dirakta ya kai gaba.

Washegari da hantsi jandarma biyu suka ɗauki Kawu Gambo daga bakin wata rijiya, igiya na ɗaure a ƙugunsa. Kafin azahar labari ya iso gida: an ce shi ya haƙa wa wasu 'yan kasuwa maɓoyar hatsi, ya ƙi faɗin sunansu, kuma ranar Asabar za a sa shi a motar Damagaram. Wanda aka kai Damagaram a kan hatsi a wannan shekara, ba a tambayar ranar dawowarsa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin murhu ta zuba wa tukunya ido. Da ta zage ta, ko ta ɗauki muciya, da Baiwa ta fi samun sauƙi. Sai Baiwa ta ɗauki mayafi ta fita.

Shekara ta raka ta har ƙofar ofishin jandarma. A nan bakin tsiyar ya mutu, ta danƙa mata ƙwayar lido a hannu ta ce, "Ki nuna musu. Ni ina nan gindin bishiya, wallahi ba inda za ni."

Shugaban wurin, Ajidan Manu, dogo ne siriri mai furfura a gefen kai. Takardar na shimfiɗe a teburinsa, an danne kusurwoyinta da duwatsu. Kawu na zaune a ƙasa a lungu, ba hula. Da ya ga Baiwa sai ya kau da kai.

"Ranka ya daɗe, ni-ni na za-zana. Wa-wasa ne."

Ta ajiye ƙwayar lidon a kan tebur. Ajidan ya ɗauka ya juya ta, ya ajiye.

"Shi ma haka ya ce. Wasa." Ya kife takardar. "To, 'yammata, tunda ke kika zana, na sauka tsani. Me ke hannuna na dama?"

Baiwa ta rufe ido. Da ta rufe sai ga wurin gaba ɗaya, kamar tsakar gidansu.

"Lungu ne mai taki ashirin, rufinsa mai baka. In ka kai ƙarshe za ka ji iska a wuyanka, ramin iska na farko ke nan. Kada ka bi hagu, rijiya ce, ba ta da murfi."

"Me ya sa masai yake can nesa?"

"Don kada ya gurɓata rijiyar. Kuma gangare ne."

"Gara fa?"

"Toka da ƙaiƙayi, kamu ɗaya, kafin a zuba gero."

Ya yi ta tambaya tana amsawa, ko sau ɗaya harshenta bai harɗe ba, har ta fara jin wani sanyi a ranta, ta ɗauka ta yi nasara. Da ta buɗe ido sai ta ga Kawu ya dafe kai da hannu biyu.

"Shekara ashirin ina wannan aiki," in ji Ajidan a hankali. "Na san ƙarya. Mai ƙarya yakan manta da masai. Ke ba ki manta da komai ba. Yarinya kamarki ba ta san wannan ba sai in an kai ta ta gani."

A nan ne Baiwa ta gane abin da suka yi ita da Kawu a wata biyun nan. Duk ƙofar da ƙarya za ta leƙo sun bi sun toshe ta, ɗaya bayan ɗaya, suna murna. Da kurar na nan kwance kan zinariya, da tuni an yi dariya an sallame su.

"To a ha-haƙa," ta ce. Ba ta san za ta faɗa ba sai da ta ji muryarta. "Ga wurin nan a rubuce. A haƙa a gani."

"In kun cike bakin da ƙasa fa? Sai na tone gari duka?"

Kawu ya ɗago. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi magana." Ajidan ya ɗaga masa hannu. "Ƙasa hawa-hawa take, kamar an shimfiɗa tabarmi. A fakon nan akwai fara a sama, sai ja, sai laka, sai marmara. In mutum ya haƙa ya mayar, sun gauraye ke nan har abada, ko shekara ɗari aka yi. Takarda ta ce gaba biyu. Ni zan haƙa uku, a gabanka. In ka ga inda ja ta shiga cikin fara, ba sai ka jira Asabar ba."

Ajidan ya kaɗa yatsa a tebur. Ya ce za a haƙa gobe da safe.

Da suka fito da shi za a mayar da shi ɗakin tsaro, Baiwa ta dubi hannuwansa da ƙasusuwan wuyansa, ta tuna fako ne, wanda in an sara diga ke tashi, kuma mutumin nan ya yi wata biyar bai ƙoshi ba. Ita ce ta ce a haƙa.

Ba a san wanda ya fitar da maganar ba, amma ko da gari ya waye duk Matameye ta ji cewa akwai rumbuna bakwai a ƙarƙashin fako. Da aka iso da Kawu, mutane sun riga sun kewaye kukar. Mata da ƙore da tiyoyi, wasu da zanen da za su ƙulle rabonsu. Ajidan ya sa aka auna taki goma sha biyu, aka ja da'ira da sanda. Kawu ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya sara.

Bai rasa masu jan guga ba. Magidanta har rige-rige suke yi, wannan ya karɓi igiya daga hannun wancan, suna zuba ƙasar gefe suna leƙawa.

"Gambo, yi da ƙarfi mana, yara na jira!"

"Kai dai ka ci amanarmu, amma in ka buɗe mun yafe!"

Wani ya kawo masa ruwa, wata ta aiko da ɗan kunu, abin da ba a yi masa ba tun farkon rani. Baiwa na tsaye kusa da Inna, tana jin addu'o'in da ke tashi ta ko'ina, Allah ya sa a dace, Allah ya sa yana nan. Duk mutanen nan, waɗanda Kawu ya yashe wa rijiyoyi, roƙo suke ya zama mai laifi, kuma ba ta iya jin haushinsu ba. A duk filin ita da Inna ne kaɗai ke son a tarar da babu. Can da rana ta take, diga ta bugi wani abu ta yi ƙara, taron ya yi gaba kamar an ja shi da igiya, sai Baiwa ta ji zuciyarta ta yi tsalle tare da tasu. Na ɗan lokaci ita ma ta so ya zama murfin ne. Tsakuwa ce. Ta daɗe ba ta yafe wa kanta wannan ba.

A rana ta biyu, Juma'a, taron ya ninka. Har daga ƙauyukan Dungu da Icirnawa an zo, wasu a jaki, yawanci a ƙasa. An tashi don salla, aka dawo. Kawu ya wuce gaba biyu, ba dutse ba murfi. Yanzu ba a ganinsa, sai ƙarar diga daga ƙasa, tana yin nisa tsakanin sara da sara. Masu jan guga suka fara raguwa. Ba mai tsokana kuma. Wajen la'asar muryarsa ta fito, a dushe: "Uku."

Aka jawo shi. Tafukansa sun fashe, ya zauna a kan tulin ƙasa yana numfashi da baki.

Ajidan Manu ya cire takalmansa da hularsa ya ba wani jandarma, ya ɗaura igiya, ya sauka da kansa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, kakinsa ya yi ja, yana riƙe da ɗan dunƙulen laka yana murzawa.

"Ubana manomi ne," ya ce, ba da kowa yake ba. Sannan ya dubi Kawu. "Ba a taɓa taɓa wurin nan ba. Tashi ka tafi gida, Gambo."

Inna ta durƙushe inda take ta rufe fuska da mayafi.

Amma taron bai motsa ba. Ɗaruruwan mutane da ƙore a hannu, suna kallon ramin. Daga baya wani ya ce ai an saye jandarma, wani ya ce a matsa gabas kaɗan. Ajidan ya zaro takardar daga aljihu, ya miƙa wa Baiwa.

"Ni in na faɗa, za su ce na ci rabona. Ke kika gina, ke za ki rushe. Hau nan."

Ta hau tulin ƙasar, ƙafafunta na nutsewa. Ba takardar da za ta ɓuya a bayanta, don ita ce take ɗagawa sama. Dole ta kalli idanu.

"Ni-ni ce," ta ce. "Ni na za-zana. Ba-babu ge-gero. Wa-wasa muke yi, ni da ƙa-ƙawayena. Ku ya-yafe mini."

Ba wanda ya ƙarasa mata ko kalma ɗaya. Sai da ta kai ƙarshe da kanta.

Shekara ta kutso daga cikin mutane ta tsaya a gindin tulin, ta ce da ƙarfi, "Ni na ce ta sa geron! Da zinariya ce a ciki!" Wani ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, wata mata ta ja tsaki ta ce 'ya'yan lakwal sun gama da mu. Daga nan aka fara watsewa, a hankali, ba hayaniya, kowa ya kife ƙwaryarsa a ka.

Wata tsohuwa ta rage, wadda aka ce tun asuba ta taso daga Icirnawa. Ta matso ta kama gefen takardar ta kura mata ido, a juye ma take riƙe da ita.

"Wanne ne rumbun?"

Baiwa ta nuna mata.

"Har bakwai?"

"I, Iya."

"Kai, kin iya." Ta saki takardar, ta gyara ƙullin zanenta da ba komai a ciki. "Da kin sa ɗaya ma ya isa, 'yar nan. Da ban taho da ƙwarya biyu ba."

Ta juya ta kama hanya. Baiwa ta bi ta da kallo har ta shige bayan ma'aunar gyaɗa.

Jandarma suka shiga motarsu. Filin ya rage daga Kawu sai Inna sai 'yammatan. Inna ta ce ya taso a tafi gida a gasa masa hannu. Ya ce ba a barin rami a buɗe, akuya za ta faɗa, ko yaro. Masu rige-rigen jan guga kuwa ba ko ɗaya.

Baiwa ta ajiye takardar, ta ɗora mata dutse, ta durƙusa ta fara tura ƙasa da hannu biyu. Shekara ta ɗauki guga. Fara da ja da laka suka riƙa zubawa tare, suna gauraya. Kawu ya zauna yana kallonsu, hannuwansa a buɗe kan gwiwa.

"Kawu," ta ce, ba ta ɗago ba, "ka ya-yafe mini."

"Ni na ce a sa masai," in ji shi. "Tura ta gefen nan, 'yar lakwal, kina barin rabi a waje."